Abu Huɗu da Yankan Tuffa

Litinin, 8 ga Satumba, da hantsi

Yau mijina Wilf zai dawo gida! Nas ta bugo waya tun ban gama shan shayi ba, ta ce motar asibiti za ta kawo shi da rana. Na ajiye wayar na tsaya a tsakiyar kicin ina dariya ni kaɗai, gandamemiyar mace mai shekara sittin da uku. Na share mashaya sau biyu. Na goge madubin bayan kanta, wanda rabonsa da ganin tsumma tun Kirsimeti.

Ni da Clifford Pople, abokinsa tun suna 'yan makaranta, muka sauko da gado daga bene muka kafa shi a ƙaramin falo kusa da murhu, tunda matakala sai nan gaba. Clifford ya buga gwiwa a jikin ƙofa, ya zagi ƙofar, ya zagi kafintan da ya yi ta, ya haɗa da kakan kafintan.

Shekara talatin da takwas muna riƙe da Garma, mashayar nan ɗaya tilo ta Wedcombe, kuma ban taɓa buɗe ta ni kaɗai ba sai bayan Talatar nan ta watan jiya da shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. Ban ji daɗin hakan ba ko kaɗan. Amma yanzu ya wuce, mai gida zai dawo gidansa.

Litinin, da yamma

Ya iso. Ya rame. Hannun damansa yana zaune a kan cinyarsa duk inda aka ajiye shi. Na yi ta zuba, na ba shi labarin kowa har da na kazar maƙwabta. Bai ce komai ba, amma ai akwai gajiyar hanya.

Laraba, 10 ga Satumba, da rana

Tamsin ta zo daga Bristol da jakarta da shawarwarinta. 'Yata ce, ina son ta, amma ta gado ubanta wajen tsayawa a kan magana. Ta same ni ina yanka burodi, ta jingina da firiji ta ce, "Mama, akwai wani gida na kula da tsofaffi kusa da ni. Na je na gani, yana da kyau, har da lambu. Sun ce za su riƙe wa Baba ɗaki zuwa Litinin ta biyu a Oktoba."

Na ce, "Babanki yana da ɗaki. Ga shi can, da murhu."

"Ke kaɗai ce, ga mashaya. Kuma ba ya cin abinci. Nas ta ce in ya ci gaba da ramewa..."

"Wa zai ci wannan fate-faten da suke bayarwa? Ki bari a ba shi abincin mutane ki gani."

Mun rabu a kan haka: in ya fara ci ya yi ƙiba kafin ranar, ya zauna. In ba haka ba, na sa masa kaya a akwati da hannuna. Na yarda ne don na san mijina. Mutumin da ya taɓa cinye rabin ƙafar rago a bikin ƙanwarsa, ba a zaman makokin cikinsa.

Ga kuma labari mai daɗi: gasar huɗa ta bana ranar Asabar 11 ga Oktoba ce, a gonar Hembrow, kuma mu ne za mu ciyar da jama'a kamar kullum. Faranti casa'in na abincin mai huɗa! Tamsin ta ce in ba su haƙuri bana. Na ce ta ba su haƙuri in na mutu.

Asabar, 13 ga Satumba, da safe

Na sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa canja gangar giya. Ba na kallon gefen matakala inda ya faɗi in na sauka, kai tsaye nake wucewa. A kan kanta ta ciki na ga kwalaben albasarsa a jere. Shi ya ɓare su da kansa mako guda kafin Talatar nan, 'yan ƙanana kamar ƙwan zabo, ya kwana da su cikin gishiri, ya zuba musu ruwan khal da barkono da kanumfari. Sai sun yi wajen wata biyu suke nuna, ke nan daidai da gasa. Na taɓa murfin ɗaya na ji sanyi.

Bari in rubuta dokarsa a nan, don yau na yi kewar jin ta. A wurin Wilf, abincin mai huɗa abu huɗu ne: burodi mai ɓawo, cuku na ƙwarai, bota, da albasar kwalba. Shi ke nan. Duk abin da aka ƙara, in ji shi, ƙarya ce aka ɗora a faranti. Ni kuwa a gidanmu da tuffa muke ci, domin zaƙinta ke kashe kaifin cuku, kuma duk mai harshe ya san haka. Ranar farko da na haɗa masa na sa yanka guda a gefe. Ya ɗauke shi da yatsu biyu kamar ya tsinci ƙuda, ya ajiye a farantina, ya ce, "Beryl, ni ba doki ba ne. Wurin tuffa biyu ne, ko a matse ta a zuba a kofi, ko a bakin doki."

Washegari na sake sawa. Ya sake ɗaukewa. Haka muke kowace rana ta Allah tun daga lokacin, har a makon da muka yi ba ma magana saboda motar da ya sayo ba da sanina ba. A wancan makon ma sai da ya ce shi ba doki ba ne, yana kallon bango.

Talata, 16 ga Satumba, da yamma

Kai, yau an sha dirama! Kwamitin gasa ya zauna a mashaya, Uwargida Hembrow ce shugaba tunda gonar mijinta ce. Mace ce mai kirki, sai dai ta je Faransa sau ɗaya kuma har yau ba ta gama dawowa ba. Ta ce bana tana so a sabunta faranti: a sa naman alade, dafaffen ƙwai, ganyen latas, da ɗan reshen inabi, a jera a kan katako maimakon faranti.

Clifford ya ajiye kofinsa ya ce, "Katako? Sai a haɗo mana da zarto."

Ta ce, "Clifford, kai ba ka san ma tarihin abin ba. Masu tallan cuku ne suka yayata sunan nan na abincin mai huɗa lokacin muna yara. Ba wata tsohuwar al'ada ba ce."

"Ranki ya daɗe, sunan ne sabo. Ubana bai taɓa jin sunan ba, amma shi yake ci a gindin shinge, a ɗaure cikin hankici. Ki faɗa mini yadda inabi zai kwana a aljihun mai huɗa."

"To ƙwai fa?"

"Ƙwai na mai kaza ne. Mu masu doki ne."

Nan fa wuri ya kaure. Wani ya ce kwaɗon nan mai zaƙi-zaƙi na kwalba dole ne, wani ya ce matarsa ta bar shi a kan ganyen seleri. Ni kuma na buga cokali a kanta na ce duk abin da za su cire su cire, amma tuffa tana nan daram. Sai Clifford ya ɗaga murya yadda za a ji daga ƙaramin falo, tunda na bar ƙofar a buɗe da gangan, ya ce, "Wilf! Kana ji tana cin amanarka a gidanka!"

Kowa ya juya ga ƙofar yana jira. Sai agogon bango kawai muke ji. Na ce wa zai ƙara giyar tuffa, aka ci gaba da musu. Ba a yanke komai ba, an ɗaga zuwa wani zaman.

Juma'a, 19 ga Satumba, da rana

An ba shi izini! Matar da ke duba yadda yake haɗiya ta zo, ta ba shi biskit da ruwa, ta sa yatsu a maƙogwaronsa, ta ce zai iya cin abinci irin na kowa muddin an yanka ƙanana. Saura kaɗan in rungume ta. Na kwashe sauran fate-faten nan na zuba wa kaji, su ma sai da suka yi shawara.

Gobe zan haɗa masa farantinsa. Na sa a ajiye mini burodi mai zafi na farko. Na tsinko tuffa daga bishiyar bayan gida, mai ja a kumatu ɗaya. Na goge ta da gefen riga har tana ƙyalli. Yau ba na jin ƙafafuna suna taɓa ƙasa.

Asabar, 20 ga Satumba, da rana

Ya ci tuffar.

Lahadi, 21 ga Satumba, bayan coci

Tamsin sai murna take. Ta bugo wa gwaggonta, ta bugo wa nas. "Ya cinye rabin faranti, har da tuffa!" Ta ce da ni, "Mama, me ya sa kika yi shiru? Ba abin da kike nema ba ke nan?" Na ce shi ne mana. Na tafi na wanke kofunan da na riga na wanke.

Laraba, 24 ga Satumba, da yamma

Na sa tuffar a can bakin faranti, inda yake ɗaukewa. Na zauna gabansa da nawa farantin, na ture shi kusa da hannunsa na hagu. Ya ɗauka ya kai baki, har ɓawon, idonsa a kan taga. Jiya ma haka. Shekaranjiya ma haka. Da takarda na sa masa, ina jin da ya ci.

Mutane suna ta cewa an gode Allah yana samun sauƙi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Alhamis, 25 ga Satumba, da rana

Abu huɗu na sa masa yau. Ba zan iya sake kallon wancan ba. Ya ci nasara, bayan shekara talatin da takwas, kuma babu wanda zan faɗa wa.

Lahadi, 28 ga Satumba, da yamma

Zaman kwamiti na biyu. Kafin Uwargida Hembrow ta buɗe baki na miƙe na ce, "Burodi, cuku, bota, albasa. A faranti. Wanda yake son inabi ya zo da abinsa a aljihu."

Ta ce, "Beryl, tuffar taki fa?"

"Babu tuffa."

Clifford ya zuba mini ido ya daɗe, sannan ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. Ba wanda ya yi musu. Uwargida Hembrow ma ta ce, "To, a yi yadda Wilf yake so," da wata murya mai laushi irin wadda ake yi a gidan rasuwa. Na ji kamar in kwaɗa mata tire. Amma dai an wuce wurin, kuma gaskiya na ji daɗin ganin bayan katakon nan.

Talata, 30 ga Satumba, da yamma

Yau na yini a gonar masu cuku, kuma wallahi na ji daɗina, ba zan ɓoye ba! Wilf ne yake zuwa kowace shekara, ni ban taɓa shiga rumbun ba. Sanyi, duhu-duhu, ga cuku manya-manya kamar turmi a jere har rufi, kowanne a naɗe da ƙyalle ya yi furfura. Mai gonar ya soka wani ƙarfe mai kwari a cikin ɗaya, ya murza, ya zaro ɗan siriri ya miƙo mini. Na farko bai kai ba. Na biyu ya yi gishiri. Na uku, mai wata goma sha takwas, da na sa a baki sai da kunnuwana suka motsa. Na ce wannan.

Ya yi dariya ya ce, "Shi Wilf ya ɗora wa hannu tun cikin bazara, ya ce in ajiye masa. Na so in ga ko za ki gane."

Na rera waƙa a mota tun daga can har gida, ni da cuku a kujerar gaba, na ɗaura masa bel.

Na yanko masa ɗan kaɗan da zuwana. Ya sansana. Na rantse girarsa ta ɗaga. Amma farantin rana na same shi yadda na bar shi, Clifford ya ce ko burodin bai taɓa ba.

Alhamis, 2 ga Oktoba, da rana

Ya fito da wata sabuwa. In na ajiye farantin sai ya kalle shi, ya kalle ni, ya riƙa ƙwanƙwasa bakin farantin da yatsa. Kallo na gaske, irin wanda rabona da shi tun watan Agusta. Na kawo gishiri. Ya ƙwanƙwasa. Na ƙaro bota. Ya ƙwanƙwasa. Na canja farantin ma gaba ɗaya, na ce ko ya tsage. Sai ya ture shi da bayan hannu har albasa ta gangara ƙarƙashin gado.

Na ce, "Wilfred Chidgey, abu huɗunka ne fa! Me kuma kake so, raina?" Na yi masa tsawa, Allah ya yafe mini. Ya juya wa bango fuska.

Lahadi, 5 ga Oktoba, da yamma

Tamsin ta ɗora shi a sikeli. Ba zan rubuta abin da ya nuna ba. Ta huda wa bel ɗinsa sabon rami da tsinken nama, tana yi tana share hanci. Ba mu yi faɗa ba, da ma mun yi.

Talata, 7 ga Oktoba, da hantsi

Albasa ta nuna! Na buɗe kwalbar farko, ƙamshin ya bugi hancina har na yi atishawa uku. Na ciji ɗaya, ƙaras, ga tsami ga yaji, hawaye sai zuba. Bai taɓa yin wadda ta kai ta bana ba. Na ruga da kwalbar wurinsa kamar yarinya ta samo kyautar makaranta, na ce, "Tsoho, ji abin da hannunka ya yi!"

Ya leƙa kwalbar. Sai bakinsa ya fara motsi. Na durƙusa. Ya yi ta kokawa, jijiyar wuyansa ta tashi, ya ce, "T... t..."

Sauti! Na farko ke nan tun Talatar nan! Na ce, "Na'am, ina ji, faɗi!"

"T... t..." Yana ƙwanƙwasa tebur.

Talata, da yamma

Na yi ta juya abin a raina ina goge tebura. Tamsin yake kira. Wa kuma? Ya ji duk maganar da muka yi a kicin, bango ba kauri gare shi ba. Ya ga ina fama da ganga, ya ji tsawar da na yi masa. Wurin 'yarsa yake so ya koma, shi ya sa ya daina cin abincina.

To, in haka yake so.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da safe

Na sauko da akwatin da muka je Weymouth da shi. Riguna shida, silifas, rezarsa. Na tura shi bayan ƙofa inda ba zai gani ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba, da yamma

Kicin ya zama kasuwa! Burodi talatin sun iso, motar mai gasa burodi har ƙofa. Na yanka cuku da siririyar wayar ƙarfe tun safe, manyan yanka, don Wilf ya ce in kana hango faranti ta cikin cuku to an cuce ka. Matan coci uku sun zo taimako, suna yanka bota suna yanka mutane. Tamsin ta ɗaura rigar girkin babanta, ta kusa zagaye ta sau biyu. Mun ƙirga faranti, ba su kai ba, muka aro na zauren coci masu hoton kurciya.

An ce gobe babu ruwa. Tarakta arba'in za su fito, tsofaffi da sababbi, da dawaki bibbiyu har kashi shida. Clifford zai fito da dawakinsa Bess da Major, ya yini yana kitsa musu geza da jan zare, tsoho da shi. Ya ce lallai a kawo Wilf filin. Tamsin ta ce akwai sanyi. Na ce a rufa masa bargo, bai taɓa fashin gasar nan ba, kuma ba zai fara da ta ƙarshe ba.

Kalmar ta fita kafin in kama ta. Tamsin ta ci gaba da goge wuƙa.

Asabar, 11 ga Oktoba, da sassafe

Rana ta fito tas. Tun asuba na tashi, kamar ranar aurena.

Asabar, da yamma

Sai na rubuta tun abin yana da zafi.

Mun kafa tebura a cikin babbar rumfa, muka ajiye Wilf a kujerarsa mai taya a bakin ƙofa inda zai ga fili. Ƙasa ta yi laushi daidai, garma na tsaga ta tana kifewa baƙa wuluk, tsuntsayen teku na bin baya suna ihu. Clifford ya ja layinsa na farko miƙaƙƙe kamar an sa igiya. Na ga idon Wilf yana bin sa har ƙarshen gona.

Da rana ta take, jama'a suka yo rumfa kamar fari. Faranti na fita, kofuna na shiga. Wani baƙo daga birni ya tambaye ni ina latas, na nuna masa shinge. Uwargida Hembrow da kanta ta ci albasa huɗu tana fifita baki da hula. Na ajiye wa Wilf nasa a kan ɗan tebur, na yanka komai ƙanana. Ya kalla, ya kalle ni, ya fara ƙwanƙwasawa. Na kau da kai na ci gaba da raba burodi, don ba na so in yi kuka a gaban rabin gunduma.

Sai ga Clifford ya jawo Bess har bakin rumfa, wai ta zo gaida maigida. Ƙatuwar goɗiya, kofatonta ya kai faranti. Ya ce, "Wilf, ka ga layina? Faɗi gaskiya, ko a zamaninka ba ka yi irinsa ba." Yana magana ya sa hannu a aljihu ya ciro tuffa zai ba ta.

Ban san Wilf yana da sauran ƙarfi haka ba. Hannunsa na hagu ya cafke hannun rigar Clifford, ya riƙe gam. "T... t..."

Tamsin ta taso da gudu. "Ga ni, Baba, ga ni nan."

Ko kallon ta bai yi ba. Ya fizge tuffar daga hannun Clifford, ya miƙo mini ita, ya buga bakin farantinsa da ita, daidai gurbin nan na gefe.

"Tu... ffa."

Ni dai ban san lokacin da na ajiye kwandon burodi ba. Wuƙar cuku ce a hannuna, da ita na yanka, yankan ya fito a karkace. Na ajiye a gurbinsa. Na ce a raina, ya Allah, kada ya ci. Mace tana roƙon Allah kada mijinta mai yunwa ya ci abinci, wa zai gane wannan?

Ya daɗe yana kallon yankan. Ya sa yatsu biyu ya ɗauka. Ya ɗaga shi sama, ya wuce gaban bakinsa, ya tsaya a iska yana neman wani abu a kan teburin. Ni ba ni da faranti, ina aiki! Uwargida Hembrow ce, Allah ya saka mata, ta zube ɓawon burodinta a ƙasa ta turo nata gabana. Ya saki yankan a ciki, ƙwal.

"Ni," ya ce. Gumi a goshinsa. "Ni... ba..."

Clifford ya buɗe baki zai ƙarasa masa. Na ce, "Clifford Pople, ka kuskura!"

Mutum casa'in suka zuba masa ido, da cuku a baki.

"Doki," in ji Wilf. "Ba ne."

Kafin in yi wani motsi, Bess ta miƙo dogon wuyanta ta kan kafaɗata ta lashe yankan daga farantin. Rumfa ta fashe. Clifford ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Shi kuma gogan, rabin bakinsa ya karkace sama, ya jawo farantinsa ya ɗauki albasa ya cije, ƙaras, na ji ta har inda nake. Ya ci cuku. Ya ci burodi. Ya ƙwanƙwasa a ƙaro bota, wannan karon bota yake nufi.

Na ce, "Tun yaushe kake nema, ka bar ni ina haukan gishiri?" Ya harare ni. Harara ta gaske, mai cewa laifin wa? Wa ya fara dainawa?

Tamsin na tsaye da tire a hannu, hawaye har haɓa. Ta ce, "Ni na zaci wasa kuke yi duk shekarun nan." Na ce wasa ne mana.

Clifford ya zo na biyu a gasar. Ya ce alƙalin makaho ne.

Litinin, 13 ga Oktoba, da rana

Tamsin ta bugo wa mutanen Bristol ta ce su ba wani ɗakin. Ta ce da ni za mu sake duba sikeli kafin Kirsimeti, kuma dole in ɗauki mai taimako a mashaya. Na ce to. Hannun daman yana nan inda yake, kalmomin ma ba su fi cikin cokali ba, ban ruɗi kaina ba. Na mayar da rigunansa shida cikin durowa kafin ya farka.

Yau na sa masa yanka biyu, don in rama kwanakin da na yi fashi. Ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya ya zuba mini, yana huci. Tuffar ba ta gama nuna ba, tsami kamar ta cire haƙori. Na cinye har ɓawon.

Gobe zan gwada shi da inabi.